Na kusa sayen sabon katin hoto, ashe ba shi ne mai laifin ba

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne cijewa. Ina cikin gem, na lallaɓo ta bayan wani gini, abokin karawata yana gabana bai ma san da ni ba, ina ɗaga bindiga sai hoton ya tsaya cak. Rabin sakan ne, ko ma bai kai ba. Kafin ya dawo motsi an riga an kwantar da ni. Sau uku haka ta faru a dare ɗaya, na kashe kwamfutar da niyyar gari na wayewa zan fara neman sabon katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hotunan da ake gani a allo, tunda a ganina shi ne ya tsufa.

Kwamfutar ta tebur ce, da hannuna na harhaɗa ta shekarun baya. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 2600 na kamfanin AMD mai ƙwayoyi shida, wanda ya fito a 2018, a kan madabod ɗin B450, babban allon da ake soka duk sassan a jikinsa. Katin hoto GTX 1060 na kamfanin Nvidia mai gigabait 6, ɗan 2016. RAM, ma'ajiyar wucin gadi mai sauri da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki da shi a ciki, sanda ɗaya ta gigabait 8. Sai faifan ajiya irin na da, mai juyawa, terabait ɗaya. Tun ranar da na ɗaure murfinta ban ƙara buɗewa ba.

Na kira yayana, wanda ya fi ni sanin waɗannan abubuwa nesa ba kusa ba.

"Yaya, wane kati kake ganin zan saya?"

"Me ka auna?"

Na ce ban auna komai ba, ai ina gani da idona, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ya yi dariya ya ce, "To wannan karon mudun nake so. Je ka auno, sannan mu yi maganar kati."

Na sauke MSI Afterburner tare da RivaTuner da ke zuwa da ita. Aikinsu su rubuta maka lambobi a kusurwar allo kana cikin wasa: zafin firosesa da na kati, kashi nawa cikin ɗari kowannensu ke aiki, RAM nawa aka cinye, da hoto nawa ake zanawa a sakan ɗaya, wato FPS. Akwai kuma wani layi da ban taɓa kula da shi ba, mai nuna tsawon lokacin da kowane hoto ya ɗauka kafin ya fito. A FPS 60, kowane hoto milisakan 16.7 yake ci. A 30, milisakan 33.3. Idan wasa na tafiya sumul, layin nan a miƙe yake kamar zare. Nawa kuwa kamar haƙoran zarto, kuma duk sanda hoto ya cije sai ka ga wani tsini ya harba sama. A nan na gane dalilin da ya sa lambar FPS ɗina ba ta da muni sosai amma wasan ba daɗi. Matsakaicin lissafi yana haɗiye waɗannan tsinaye, hannu da ido kuwa su suke ji.

Na samo ɗan littafi da biro. Na zaɓi wuri ɗaya a cikin wani gem mai faɗin gari, daga wata gada zuwa tsakiyar cunkoso, tafiyar minti biyu, na ce duk abin da na canza sai na sake bin wannan hanya na rubuta sakamako. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan doka ita ce ta fi komai yi mini amfani, kuma sau ɗaya da na karya ta sai da na ɗanɗana kuɗata.

Awon farko ya ba ni kunya. Katin da nake zargi yana yawo tsakanin kashi 60 da 70, wato zaune yake yana jiran a miƙo masa aiki. Firosesa kuwa bayan minti goma ya taɓo digiri 95, iyakar da aka yanka masa, kuma da ya kai nan sai ya rage gudun kansa don kada ya ƙone. Abin da ya kamata ya riƙa kaiwa kusan gigahaz 3.9 sai ga shi yana faɗowa ƙasa da 3.4. RAM ta cika taf. Na danna Ctrl da Shift da Esc na buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna aikin da kowane sashe ke yi, na tarar faifan ajiya a maƙale a kashi 100. Dalili a fili yake: idan RAM ta cika, Windows kan kwashe wani abu ta ajiye a kan faifai, in an buƙace shi ta ɗebo. Faifan da allura ke bi tana karantawa kuwa ba ya da wannan hanzarin, sai gem ya tsaya jiransa.

Na kwance murfin. Subhanallahi. Ƙura ta yi kirtani tsakanin fankar firosesa da ƙarfen sanyayawa, har ta zama kamar auduga, ana iya ɗago ta da yatsa biyu ta taso a dunƙule. Ragar gaban akwatin ta toshe, fankokin kati ma kowane fiffike da nasa rabon. Na zare wayar wuta, na danna maɓallin kunnawa na 'yan sakanni don sauran wutar da ke ciki ta fita, na fitar da akwatin waje, na bi shi da burushi mai laushi da abin hura iska. Kowace fanka sai na dafe ta da yatsa kafin na hura, domin iska mai ƙarfi tana iya juya ta fiye da ƙima ta lalata ta.

Sai batun man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyayawa. Fuskokin biyu ko sun yi sheƙi a ido, akwai ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, iska kuma ba ta wuce da zafi sosai, shi ya sa ake cike gurbin da wannan mai. In ya shekara da shekaru sai ya bushe. Na kwance sukurori huɗu, na kama ƙarfen na ja sama. Ya ƙi. Na ƙara ƙarfi. Sai ji na yi ɓas, ya taso, na leƙa ramin firosesa na ga wayam. Na juya ƙarfen da ke hannuna, ga firosesa manne a gindinsa, ƙafafunsa na zinariya suna kallona, alhali ɗan ƙarfen da ke kulle shi a madabod yana nan a kulle. Gabana ya faɗi. Irin wannan firosesa na ramin AM4 ƙafafu 1331 gare shi, sirara kamar gashi, ɗaya ta karye ana iya rasa shi gaba ɗaya. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Na zauna na kunna fitilar waya, na karkata shi ina bin layukan ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ta wannan gefe, sannan ta wancan. Biyu a can kusurwa sun ɗan sunkuya. Na ɗauko wani siririn katin roba na zura tsakanin layukan, ina turawa a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri, har suka daidaita da 'yan'uwansu. Raba shi da ƙarfen ma sai da na murza shi gefe da gefe a hankali, man ya bushe ya zama kamar siminti. Na ɗaga makullin, na daidaita ɗan alamar kusurwa uku da ke jikinsa da ta ramin, na sake shi. Ya faɗa da kansa ba tare da na danna ba. Sai a lokacin na saki numfashi. Da na ba Yaya labari cewa ya yi, "Ai da ka tambaya. Kunna ta ake yi ta ɗan yi zafi man ya yi laushi, sannan ka murza ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga." Na ce ai yanzu na sani.

Na goge tsohon man da auduga da sinadarin isofurofil har fuskokin suka yi tas, na ɗiga sabo ɗan ƙanƙane a tsakiya, na mayar da ƙarfen ina ɗaure sukurorin a gicciye, kaɗan-kaɗan, don ya zauna daidai. Na bi hanyata ta gada. Zafi bai wuce digiri saba'in da 'yan kai ba, gudun firosesa ya tsaya a sama bai ƙara faɗowa ba, ƙarar fanka da na saba da ita har na ɗauka halittarta ce ta ragu sosai. Ban kashe komai ba sai kuɗin mai. Amma tsinayen nan na cijewa suna nan, sun dai ragu.

RAM ce ta biyo baya, kuma a nan na fi samun riba. Matsala biyu ce a haɗe, ni ɗaya kawai na sani. Ta farko ƙarancin wuri. Ta biyu, sanda ɗaya hanya ɗaya take amfani da ita zuwa firosesa, alhali madabod ɗin hanya biyu gare shi. Sanduna biyu a ramukan da suka dace suna ninka faɗin hanyar. Na sayi tagwaye, gigabait 8 sau biyu, DDR4 masu lambar 3200, na cire tsohuwar gaba ɗaya don kada a haɗa jinsi biyu su yi ta rigima. Na soka su a ramuka biyu na farko, kusa da juna, don a ido haka ya fi kyau. Na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan sassan kwamfuta, ta ce har yanzu hanya ɗaya ce. Sai da na nemo littafin madabod ɗin na ga an zana ƙarara: rami na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen firosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Na mayar da su can, na danna kowace har maƙallanta suka yi ƙas.

Ban gama ba ashe. Task Manager ta nuna gudunsu 2133, ba 3200 da ke rubuce a kwali ba. Haka abin yake, RAM kan tashi ne da gudun da kowa ya amince da shi, sauran sai ka shiga BIOS, wato saitunan madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kunna da kanka. Saitin sunansa XMP, wasu madabod na AMD kuma suna kiransa DOCP. Wannan na nufin tsohuwar sandata ma duk shekarun nan a ƙasa da ƙarfinta ta yi ta aiki ban sani ba. Ga Ryzen kuwa abin ya fi muhimmanci, saboda hanyar da sassan cikinsa ke magana da juna gudunta a ɗaure yake da gudun RAM.

A nan na karya dokata. Zumuɗi ya ɗebe ni, na kunna XMP a 3200, a zama ɗaya kuma na sabunta direban kati, wato manhajar da ke sarrafa shi, na ƙara wa katin gudu a Afterburner. Minti ashirin da fara wasa gem ya rufe kansa. Na sake buɗewa, allo ya koma shuɗi. To wanne ne cikin ukun? Ban sani ba. Yammaci guda na ɓata ina warware su ɗaya-ɗaya. A ƙarshe MemTest86, manhajar gwajin RAM wadda ake ɗorawa a filasha a tayar da kwamfuta da ita, ta zubo mini jajayen kurakurai a 3200. Firosesa na, a hukumance, 2933 aka ce yana ɗauka. Wasu suna samun fiye da haka, nawa bai samu ba. Na saukar zuwa 2933, na bar gwajin ya kwana yana yi, da safe babu kuskure ko ɗaya. Wani abu da ya so ya ruɗa ni: CPU-Z ta nuna kusan 1466. Rabi take nunawa, domin DDR sau biyu take aika bayani a kowane bugu.

Da na bi hanyar gada bayan wannan, layin ya kwanta. Ba sumul gaba ɗaya ba, amma haƙoran zarton sun zama 'yan ƙananan tudu. Kati ya haura sama da kashi 90. Na zauna ina juya kyamarar gem hagu da dama a tsakiyar cunkoso, wurin da a da yake kakarewa, ina murmushi ni kaɗai.

Faifan ajiya bai ɗauki dogon tunani ba. Mai juyawa sau 7200 a minti da ƙyar yake wuce megabait ɗari da 'yan kai a sakan, kuma in fayilolin ƙanana ne a warwatse sai ya faɗi ƙasa warwas. SSD, wato ma'ajiyar da babu abin da ke juyawa a cikinta, na SATA mai jonuwa da waya irin ta tsohon faifan, yana kaiwa wajen 550. Na NVMe, wanda ake sokawa kai tsaye a ramin M.2 irin na madabod ɗina, yana iya kaiwa kusan 3500. Na ɗauki NVMe, ɗan siriri kamar tsinken cingam, wahalarsa kawai ɗan mitsitsin sukurun da ke riƙe shi, wanda ya faɗa cikin akwatin sau biyu. Na ɗora Windows sabuwa fil daga filasha maimakon kwafo tsohuwar da tarkacenta, kuma na zare wayar tsohon faifan kafin na fara, don kada a ajiye fayilolin tayarwa a kansa. Da na mayar da shi sai ya ɓace, kwamfuta ba ta ganinsa. Littafin madabod ya sake ceto na: a wasu alluna, in ka sa M.2, wasu ramukan SATA sukan mutu saboda hanya ɗaya suke rabawa. Na canza rami ya bayyana. FPS bai ƙaru da ko ɗaya ba saboda SSD, kada wani ya ruɗe ka. Abin da ya canza shi ne lodin gem da a da nake tashi na miƙe ƙafa kafin ya gama, yanzu kafin na gyara zama an shiga, da kuma cijewar da ke zuwa in na shiga sabuwar unguwa a cikin wasan, lokacin da ake ɗebo gine-gine daga faifai.

Ɓangaren manhaja gajere ne tunda Windows ɗin sabuwa ce. Na hana duk abin da ba dole ba tashi tare da kwamfuta. Na daina barin burauza a buɗe da shafuka ashirin ina wasa. Wata manhaja da na daɗe ina amfani da ita, mai alƙawarin ƙara wa gem gudu da danna maɓalli ɗaya, na gwada da ita da kuma babu ita, littafina bai ga bambanci ba, ban sake ɗora ta ba. Ƙarin gudun da na yi wa kati ma na janye, ribar hoto biyu ko uku ce, zafi da ƙara kuma sun fi ribar yawa. Abin da na bari shi ne saitin fanka, ta riƙa tashi da wuri, don katin kada ya kai digiri 83 inda yake fara ja da baya. Wani abin lura: ranar farko bayan sabunta direba, gem kan ɗan cije nan da can saboda yana sake harhaɗa wasu bayanan zane. Da na ga haka na ɗauka aikina ne ya warware, zagaye na biyu kuwa ya wuce.

Sai abin dariyar. Monitata mai 144 ce, wato tana iya sabunta hoto sau 144 a sakan, don haka ma na saye ta. Ina duba saitin allo a Windows na ga an rubuta 60. Tun ranar da na kawo ta a 60 take, ni kuma ina ta yabon laushinta a gaban mutane. Na canza wayar da ke haɗa monita da kati zuwa irin wadda ake kira DisplayPort, na zaɓi 144, na motsa maus a kan allo kawai na ga bambanci. Wayar ta buɗe mini wata ƙofar: tun Janairun 2019 Nvidia ta bar katunanta daga jerin GTX 10 zuwa sama su yi aiki da monitoci masu FreeSync, amma ga irin katina sai ta DisplayPort. Da wannan, monita ce ke bin gudun kati, in ya ba da hoto 70 ta nuna 70, babu yagewar hoto a tsakiya. Wannan labarin ban ba Yaya ba.

A cikin gem ɗin kansa na daɗe ina wasa da saituna, domin ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Akwai gwaji mai sauƙi na gane wa ke riƙe da wa: ka rage girman hoto daga 1080 zuwa 720. In FPS ya yi tsalle, kati ne ke jan ƙafa. In bai motsa ba, firosesa ne. Nawa ya yi tsalle, wato yanzu kam an zo kan katin da gaske. Inuwa, hazo, da hoton da ke bayyana a ruwa da gilashi su ne suka fi cinye shi. Na sauke su daga ƙololuwa zuwa matsakaici, kuma in ba tsayawa na yi ina ƙura wa gindin bishiya ido ba, ba na ganin abin da na rasa. Kyan fatar abubuwa, wato zanen bango da tufafi da ƙasa, wannan na bar shi a sama, don shi wuri yake ci a ma'ajiyar kati ba ƙarfi ba, muddin bai haura gigabait 6 ɗin ba. Sau ɗaya na tura shi ƙarshe ya haura, cijewa ta dawo nan take. Akwai kuma fasahohin da ke rage wa kati nauyi. DLSS ta Nvidia ba ta aiki sai a katunanta na RTX, amma FSR da AMD ta fitar a 2021 tana aiki a nawa: gem ya zana hoton a ƙarami, ita ta faɗaɗa shi. A matakinta mafi inganci na yarda da ita. Ƙasa da haka wayoyin lantarki da ganyaye sukan fara rawa, ba na so.

Na ƙarshe da na yi shi ne abin da a da zan kira hauka: na sa wa FPS iyaka da kaina. A gem mai faɗin garin nan yana hawa 85 ya sauko 60 ya sake hawa, hannuna yana jin kowane sauyi. Na ɗaure shi a 60 ta RivaTuner, layin ya miƙe kamar an ja shi da rula a kan 16.7. A gem ɗin harbi kuwa, mara nauyi, na sake shi ya yi gudunsa sama da ɗari.

Na ɗauki hoton shafin littafina na tura wa Yaya, layin farko da na ƙarshe. Ya kira ni.

"To, wane katin za ka saya?"

Na ce a'a, a bar shi tukuna. In ma zan taɓa wani abu nan gaba, Ryzen 5 5600 yana shiga wannan ramin bayan an sabunta BIOS, kuma kafin sabon kati sai na duba ko akwatin da ke ba kwamfutar wuta zai ɗauke shi, tunda katin na yanzu wat 120 kawai yake ja. Ya ce in na tashi cire firosesan in kira shi tukuna.

A daren na koma bayan ginin nan. Wani ya zagayo ta hagu, na gan shi sarai, hoto bai tsaya ba ko kaɗan, na ɗaga bindiga na harba na kuskure, ya kwantar da ni.